Rubutun da ke gefen taya

Wanda ya taɓa zama a bencin mai faci a Haɗejiya ya ga irin wannan rubutu a gefen taya: 195/65 R15. Kaɗan ne ke karanta shi, alhali tarihi ne a dunƙule.

A 1888 ne wani likitan dabbobi, John Boyd Dunlop, ya haɗa wa keken ɗansa tayar roba mai iska a birnin Belfast. A 1946 kamfanin Michelin na Faransa ya yi rajistar sabon tsari, inda zaren cikin taya ke ratsawa kai tsaye daga gefe zuwa gefe. Shi harafin R yake nufi. Lamba 195 faɗin tayar ce da milimita, 65 na nufin tsayin gefenta kashi 65 cikin ɗari ne na faɗin, 15 kuwa girman rim ne da inci, ma'aunin Ingila da Amurka.

A ƙasar Haɗejiya, kafin mota ta yawaita, jakuna da raƙuma ke kai gyaɗa tashar Malam Madori, a layin dogon da ya tashi daga Kano zuwa Nguru. Da motoci suka karɓi dakon, tayar gida suka riƙa takawa, domin tun farkon shekarun 1960 Michelin na ƙera taya a Fatakwal, Dunlop kuma a Ikeja. Michelin ya rufe a 2007, Dunlop ya bi bayansa a 2008. Daga nan tayar gwanjo ta cika kasuwa, wata ma ta tsufa tun kafin ta sauka a jirgin ruwa.

Fadama kuwa da nata hukuncin. Direban da zai ɗauko shinkafa ko kifi a ƙauyukan Guri da Kirikasamma yakan sace iskar taya don kada ya kafe a rairayi. Dabara ce mai kyau. Matsalar ita ce ya hau kwalta da lodi, cikin zafin bazara, bai mayar da iskar ba. Taya mai ƙarancin iska tana lanƙwashewa, ta ɗau zafi, ta fashe ana tsaka da gudu.

Adadin iskar da mota ke so yana manne a jikin ƙofar direba. Wanda ke jikin taya iyakar abin da za ta iya ɗauka ne. A auna da safe kafin a fita, da ma'auni, ba da shurin ƙafa ba. A kuma duba lambobi huɗu na ƙarshe bayan DOT: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019 aka ƙera ta.

Kafin ka biya kuɗin taya, ɗan uwa, tsuguna ka karanta ta. Allah Ya tsare hanya.