Baiwa Ko Mashigi? Nazarin Rayuwar Siya Kolisi, Kyaftin Ɗin Zari-ruga na Afirka ta Kudu, da Darasinta Ga Matasan Bakin Tafkin Kainji

Tsakure

Maƙalar ta bi diddigin rayuwar Siya Kolisi, baƙar fata na farko da ya jagoranci ƙungiyar zari-ruga ta Afirka ta Kudu a wasannin ƙasa da ƙasa, domin warware tambaya guda: me ya fitar da shi daga unguwar talakawa ta Zwide har ya ɗaga Kofin Duniya sau biyu? Masu ba da labarinsa sun fi jingina abin ga naci da ƙarfin zuciya. Nazarin nan ya gano cewa gurbin karatun da ya samu yana ɗan shekara 12 shi ne mashigin da ya ƙetare ta kansa, kuma rayuwar abokin wasansa Makazole Mapimpi ta tabbatar da haka. Daga nan aka auna lamarin da halin matasa matuƙa kwalekwale na ƙasar Yauri.

Gabatarwa

Zari-ruga wasa ne na mutum 15 a kowane ɓangare, da ƙwallo mai siffar ƙwai da ake runguma a ruga da ita, ba a kuma miƙa ta da hannu sai ga wanda ke baya ko a gefe. Baƙo ne a ƙasar Hausa, amma sunan Kolisi ya iso mana ta kafafen labarai da wayoyin hannu, kuma kusan kullum da wa'azi guda yake zuwa: ga yaron da ya kwana da yunwa ya zama gwarzon duniya, don haka kai ma ka dage. Wannan wa'azin ne ya sa aka yi nazarin, domin yana ɗora wa yaro nauyin da ya kamata a ɗora wa manya.

Waiwaye

Littafin John Carlin mai suna Playing the Enemy (2008), wanda aka mayar da shi fim ɗin Invictus a 2009, shi ya kafa salon da ake kallon zari-rugar Afirka ta Kudu da shi: Nelson Mandela ya sa rigar Springboks, wato tawagar ƙasar, ya miƙa wa kyaftin ɗinta Francois Pienaar Kofin Duniya a 1995, ƙasa ta haɗu. Da Kolisi ya ɗaga kofi a 2019, sai 'yan jarida suka ɗauko wannan rigar suka sa masa, suka ce ga cikar burin Mandela. Da su ne wannan maƙala take jayayya. Salon nasu yana da daɗin ji, amma yana ɓoye abu biyu. Yana sa mai karatu ya zaci baƙaƙen fata sababbin shiga ne a wasan, alhali Albert Grundlingh da André Odendaal da Burridge Spies sun nuna a Beyond the Tryline (1995) cewa tun ƙarni na 19 suke buga shi a Gabashin Kef, ta hanyar makarantun mishan da ƙungiyoyin unguwanni. Sannan yana mayar da rayuwar mutum tamkar mu'ujiza, ita kuwa mu'ujiza ba a tambayar wanda ya biya kuɗinta. Tarihin da Kolisi ya bayar da bakinsa a littafinsa Rise (2021) ya fi na masu yabonsa gaskiya, domin bai ɓoye shaye-shayen da ya yi fama da shi ba, bai kuma ɓoye hannayen da suka ɗaga shi ba.

A ɓangaren Yauri, ayyukan P. G. Harris (1930), da Farfesa Mahdi Adamu, ɗan Ngaski, da Frank Salamone sun yi bayanin masarautar da al'ummomin tsibiranta.

Hanyar Bincike

An dogara ne kan rubutattun majiyoyi: tarihin rayuwar Kolisi, da kundin wasannin ƙasa da ƙasa, da hirarrakinsa da aka buga. An jera matakan rayuwarsa bisa shekaru, aka kwatanta su da na ɗan wasa guda, tsaransa kuma ɗan lardinsu, wanda bai bi ta irin makarantarsa ba.

Sakamakon Bincike

An haifi Siyamthanda Kolisi ranar 16 ga Yuni, 1991, a Zwide da ke Port Elizabeth, birnin da ake kira Gqeberha tun 2021. Mahaifiyarsa 'yar shekara 16 ce a lokacin, mahaifinsa kuma bai gama sakandare ba, don haka kakarsa ta wajen uba ce ta raine shi. Shi da kansa ya faɗi yadda ake ba shi ruwan sukari ya sha ya kwanta idan babu abin dafawa. Mahaifiyar ta rasu yana da shekara 15.

Abin da masu wa'azin naci ba su cika ambata ba shi ne cewa Zwide garin zari-ruga ne. A nan filin wasa na Dan Qeqe yake, wanda baƙaƙen fata suka gina wa kansu a zamanin wariyar launin fata. Mahaifin Kolisi ya buga wa ƙungiyar African Bombers, shi ma yaron nan ya fara. A makarantar firamare ta Emsengeni ya haɗu da malami kuma mai horarwa, Eric Songwiqi. Wato ya gaji wasan, kuma ya sami wanda ya lura da shi. Sai dai yara da yawa a Zwide sun sami wannan gadon, ba su kuma je ko'ina ba.

Inda hanyarsa ta rabu da tasu shi ne wata gasar yara da aka yi a Mossel Bay yana ɗan shekara 12. A can aka gan shi, aka ba shi gurbin karatu kyauta a ƙaramar makarantar Grey, daga bisani ya wuce babbar, Grey High School, wadda aka kafa a 1856. A gari ɗaya take da Zwide, amma duniya ce daban: ɗakin kwana, abinci sau uku a yini, filin ciyawa, masu horarwa, da Turancin da bai iya ba lokacin da ya shiga. A wasan da ake karo da ƙirji da kafaɗa, abinci tsakanin shekara 12 zuwa 18 ba ƙaramin abu ba ne, domin a nan ƙashi da tsoka suke ginuwa, kuma abin da aka rasa a wannan tsakanin da wuya a mayar da shi. Bayan ciki, makarantar ta ba shi idon jama'a. Daga cikinta ya shiga tawagar lardinsu a gasar Craven Week, wadda manyan ƙungiyoyi suke zuwa zaɓar 'yan wasa, ya kuma buga wa tawagar makarantun ƙasa. Ƙungiyar Western Province ta ɗauke shi zuwa Cape Town, inda Rassie Erasmus yake cikin masu jan ragamar horarwa a lokacin. A 2012 ya fara buga wa Stormers a gasar Super Rugby. Ranar 15 ga Yuni, 2013, ana gobe zai cika shekara 22, ya shiga wasansa na farko na ƙasa da Sikotilan a Nelspruit, ya canji Arno Botha da ya ji rauni tun farkon wasa, aka kuma zaɓe shi gwarzon ranar. Ya zama kyaftin ɗin Stormers a 2017. A watan Mayun 2018 Erasmus ɗin nan, wanda ya san shi tun yana saurayi, bayan ya zama mai horar da tawagar ƙasa, ya naɗa shi kyaftin ɗin Springboks, ƙungiyar da ta fara wasan ƙasa da ƙasa a 1891 ba tare da baƙar fata ya taɓa jagorantarta a irinsa ba. Duk matakin da aka duba a jerin nan, za a ga igiyarsa tana komawa ga ranar da aka buɗe masa ƙofar Grey.

Rayuwar Makazole Mapimpi ita ce ma'aunin. An haife shi a Yulin 1990, ƙasa da shekara guda kafin Kolisi, ya tashi a karkarar Tsholomnqa ta lardi ɗaya, cikin talauci da maraici irin nasa. Bai shiga makarantar da ake kallo ba. Ya yi shekaru yana buga wa ƙananan ƙungiyoyi da tawagar Border, bai taka filin Super Rugby ba sai 2017 tare da Southern Kings, yana ɗan shekara 26, alhali Kolisi ya taka shi yana da 20. Wasansa na farko na ƙasa ya zo a Yunin 2018, yana da 27. A Kofin Duniya na 2019 ya dire ƙwallo a bayan layi sau shida, kuma shi ne ɗan Afirka ta Kudu na farko da ya yi haka a wasan ƙarshe na gasar. Babu mai cewa baiwarsa ko nacinsa sun gaza na Kolisi. Wani zai ce ai Mapimpi hujja ce cewa ana iya kai wa ba tare da makaranta ba. Ana iyawa, amma da asarar shekara shida a sana'ar da ƙarfinta bai cika wuce shekara goma sha biyar ba, kuma sai a tambaya yara nawa ne za su jure wannan jiran ba tare da yunwa ta tura su wani aikin ba. Shi kansa Kolisi, a wata hira da ya yi a farkon 2019 kan tsarin ware wa baƙaƙen fata kaso a tawagar ƙasa, ya nuna cewa gyaran daga tushe ya kamata ya fara, a makarantun unguwanni, ya kuma kafa hujja da bambancin abincin da ya ci a Zwide da wanda yaran Grey suka tashi da shi. An yi masa ca a kan hirar, amma a wannan gaɓar gaskiya ya faɗa.

Sauran tarihin sananne ne. Wasansa na farko a matsayin kyaftin, Ingila tana gaba da 24 da 3 a Ellis Park, aka tashi Afirka ta Kudu na da 42, Ingila 39. Ranar 2 ga Nuwamba, 2019, a Yokohama, suka doke Ingila 32 da 12 a wasan ƙarshe na Kofin Duniya. A Afrilun 2023 jijiyar gwiwarsa ta tsinke, aka yi masa tiyata, ya dawo cikin wata huɗu, ranar 28 ga Oktoba kuma suka doke New Zealand 12 da 11 a wasan ƙarshe na Kofin Duniya a Faransa. Kafinsa Richie McCaw kaɗai ne kyaftin ɗin da ya ɗaga kofin sau biyu. Dawowa daga irin wannan rauni naci ne, babu musu. Amma naci ne da likitoci da asibiti suka tsaya masa.

Ma'auni a Ƙasar Yauri

Ba a buga zari-ruga a Yelwa ko Wara, amma akwai abin da ya yi daidai da gadon Zwide. Gungawa, mutanen tsibiran Kogin Kwara, da Sarkawa masunta, da maƙwabtansu na Ngaski da Shanga, a ruwa suke tashi. Madatsar Kainji da aka kammala a 1968 ta cinye tsibirai da dama, ta tayar da mutum sama da 40,000, amma ba ta raba su da jirgi ba. Yaron bakin tafki yana riƙe filafili tun kafin ya iya karatu, yana kai albasa da kifi kasuwa, yana fito da mutane. Bikin Rigata da ake yi a Yauri a ƙarƙashin Mai Martaba Sarkin Yauri, Dakta Muhammad Zayyanu Abdullahi, yana nuna wannan gwaninta a bainar jama'a. Tseren kwalekwale kuwa wasa ne na Olamfik, kuma Ayomide Bello ta wakilci Najeriya a cikinsa a gasar Tokyo da aka yi a 2021.

Rigata biki ne na al'ada da baƙi, kuma yana cika wannan aikin. Wanda ya ci tsere yakan karɓi kyauta da tafi, ya koma kan komarsa. Abin da ya ceci Kolisi shi ne gasar yara ta rukunin shekaru wadda ke da makaranta a bayanta. Ƙwallon ƙafa tana da irin wannan hanya a Arewa ko da a gurguje: Ahmed Musa ya bi ta makarantar horarwa a Jos, ya buga wa JUTH, ya ci ƙwallo 18 a kaka guda a Kano Pillars, ya wuce VVV-Venlo ta Holan a 2010, har ya zama kyaftin ɗin Super Eagles. Matuƙin Yauri ma irin wannan hanya yake buƙata. Akwai kuma ciwo na musamman a nan, domin makarantar kwana ita ce ginshiƙin abin da ake magana a kai, kuma harin da 'yan bindiga suka kai Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri ranar 17 ga Yuni, 2021, inda wasu ɗalibai mata suka zauna a hannunsu har 2023, ya sa iyaye da yawa fargabar kai 'ya'yansu kwana a makaranta. Duk wanda zai yi maganar gurbin karatu a wannan yanki dole ya haɗa da maganar tsaro.

Iyakar Bincike

Za a ce mutum biyu sun yi kaɗan a gina hukunci a kansu, kuma Afirka ta Kudu tana da kuɗin zari-ruga da tseren kwalekwale a Najeriya ba shi da shi. An yarda. Za a kuma ce tsarin Grey yaro guda yake ɗauka ya bar dubbai a Zwide, wannan ma haka ne, shi ya sa Kolisi ya nemi a kai gyaran cikin unguwannin. Amma babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya goge tazarar shekara shida da ke tsakaninsa da Mapimpi.

Shawara

Ana kira ga Masarautar Yauri da ma'aikatun ilimi da wasanni na Jihar Kebbi su ware wa yara 'yan ƙasa da shekara 13 da 'yan ƙasa da 16, maza da mata, tserensu na kansu a Rigata, da rigunan kariya daga nutsewa, da auna nisa da lokaci a rubuta, a kuma gayyato hukumar wasan kwalekwale ta ƙasa ta zo ta gani. Kyautar yaron da ya yi fice kada ta tsaya ga kuɗi ko babur. A ba shi gurbin karatu har ya gama sakandare, da abinci, da mai horarwa, a makarantar da aka tsare ta yadda iyayensa za su yarda su bar shi ya kwana a cikinta.