Taya da Direba a Matsayin Iyakar Gudu: Nazari a kan Bugatti Chiron da Porsche Carrera GT

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda masu ƙera motocin gudu na alfarma ke haɗa ƙarfin inji da kare rai. An kwatanta motoci biyu ta fuskar taya, birki da na'urorin taimaka wa direba. Abin da nazarin ya nuna shi ne inji ya daɗe da wuce abin da taya da ɗan'adam za su iya ɗauka.

Gabatarwa

A ilimin fiziks, idan gudu ya ninka biyu, ƙarfin karo yakan ninka huɗu. Ke nan motar da ke gudun kilomita 400 a awa tana ɗauke da ƙarfin da ya ninka na mai gudun kilomita 100 sau 16, kuma tana cin mita 111 a daƙiƙa ɗaya. Kafin ƙafar direba ta kai kan birki, ya wuce tsawon filin ƙwallo. Gwajin karo da hukumar Euro NCAP ke yi a Turai kuwa bai kai kilomita 70 a awa ba. Saboda haka a irin wannan gudu, bel da jakar iska ba abin dogaro ba ne. Dabara ita ce a hana hatsarin aukuwa.

Tattaunawa

Chiron, wadda ta fito a 2016, tana da ƙarfin doki 1,500, amma kamfanin ya taƙaita ta a kilomita 420 a awa. Ko wannan ɗin ma sai direba ya tsaya cak, ya sa makulli na biyu, motar ta sauko kusa da ƙasa. In ba haka ba, iyakarta 380. Fiffiken bayanta yakan miƙe ya tare iska idan aka taka birki da ƙarfi. A Agustan 2019, Andy Wallace ya kai kilomita 490 da wani samfurinta a filin gwaji na Ehra-Lessien a Jamus, da tayoyin Michelin da aka ƙarfafa, aka kuma duba cikinsu da hoton esre kafin a ɗaura. Duk da haka, irin wannan samfurin da aka sayar wa jama'a an tsayar da shi a 440. A ganin mai wannan nazari, taya ce ta yanke wannan hukunci, kuma daidai ne.

Carrera GT ta bi wata hanya dabam. Tana da jiki na zaren kabon da ƙarfin doki 612, amma ba ta da na'urar da ke daidaita mota idan ta fara ƙwacewa, wadda Bosch da Mercedes-Benz suka fito da ita tun 1995. A cikin wata Carrera GT ce ɗan fim Paul Walker da Roger Rodas, wanda ke tuƙa ta, suka rasu a Kalifoniya a Nuwamban 2013. Masu bincike ba su sami matsalar inji ba. Sun ɗora laifin a kan gudu, tsakanin kilomita 130 zuwa 150 a titin da iyakarsa 72, sannan tayoyin sun kai kimanin shekara 9. Wannan batu ya cancanci lura: irin waɗannan motoci sun fi zama a gareji, zanen taya yana nan kamar sabo, alhali robar ta bushe ta daina kama kwalta.

Tarayyar Turai ta wajabta na'urar daidaita mota a kan kowace sabuwar mota daga Nuwamban 2014. Ya kamata hukumomi su sa shekarun taya cikin abin da ake dubawa kafin a sabunta takardun irin waɗannan motoci.