Gajeriyar gasar tirayatalon: Abin da mai sha'awar shiga ya kamata ya sani

Tirayatalon gasa ce da ke haɗa wasanni uku a jere ba tare da hutu ba: ninƙaya, da tseren keke, da gudu. Tun daga farawa agogo ba ya tsayawa har sai ɗan wasa ya tsallake layin ƙarshe, don haka lokacin da ya ɓata wajen sauya takalmi ma yana cikin lissafi. Gasar tana da nau'o'i gwargwadon nisa, amma gajeriyar ita ce wadda masu yi don sha'awa suka fi farawa da ita.

Asalin gasar

An gudanar da gasar zamani ta farko ne a ranar 25 ga Satumban 1974 a Mission Bay da ke birnin San Diyego a jihar Kalifoniya ta Amurka. Jack Johnstone da Don Shanahan ne suka shirya ta, kuma mutum 46 suka shiga. A 1989 aka kafa hukumar wasan ta duniya a Faransa, wadda a yanzu ake kira World Triathlon. Wasan ya shiga gasar Olamfik a karon farko a birnin Sidni na Ostireliya a shekarar 2000.

Nisan da ake yi

A gajeriyar gasa ana ninƙayar mita 750, sannan a tuƙa keke kilomita 20, a ƙare da gudun kilomita 5. Wannan rabin nisan gasar Olamfik ne, inda ake yin mita 1,500 da kilomita 40 da kilomita 10. Ita kuwa doguwar gasar Ironman, wadda aka fara a Hawai a 1978, gudunta kaɗai ya haura kilomita 42.

Ƙwararru sukan kammala gajeriyar cikin kusan awa ɗaya, sabon shiga kuwa yakan ɗauki awa ɗaya da rabi zuwa biyu. Ana raba masu sha'awa rukuni-rukuni bisa jinsi da shekaru, galibi da tazarar shekara biyar-biyar, ta yadda ɗan shekara 52 zai gwada ƙwazonsa da tsararrakinsa ne.

Filin sauyi da ƙa'idojinsa

Tsakanin kowane wasa da na gaba akwai filin sauyi, inda kowa ke rataye kekensa ya jera kayansa. Muhimmancin wannan fili ya sa wasu ke kiransa wasa na huɗu. Doka ta wajabta ɗaure hular kwano kafin a taɓa keke, kuma ba a kwance ta sai an mayar da keken mazauninsa. Ba a hawa keke a cikin filin. Ana tura shi ne har zuwa layin da aka shata.

A yawancin gasannin masu sha'awa an hana manne wa bayan wani mai keke don ya tare wa mutum iska. Dole a bar tazarar mita 10 ko fiye, sai dai idan za a wuce shi. Wanda ya saɓa yakan fuskanci hukuncin ƙarin lokaci ko kora.

Inda haɗarin yake

Ninƙaya ce mafi gajarta a cikin ukun, amma ita ce mafi haɗari. Wani bincike da mujallar likitanci ta Annals of Internal Medicine ta wallafa a 2017 ya ƙirga mace-mace da tsayawar zuciya 135 a gasannin Amurka tsakanin 1985 da 2016. Guda 90 daga ciki a ruwa suka faru, kuma mafi yawan waɗanda abin ya shafa maza ne masu matsakaicin shekaru.

Ninƙaya a tafki ko teku ta sha bamban da ta kwamin wanka. Babu bangon da za a dafa, ba a ganin ƙasan ruwa, ga cunkoson hannaye da ƙafafu a farkon tashi. Shi ya sa ake shawartar sabon shiga ya tsaya a baya ko a gefe, ya fara a natse. Duk wanda ya haura shekara 40, ko yake da hawan jini ko tarihin ciwon zuciya a danginsa, ya dace ya ga likita kafin ya fara atisaye.

Shiri da kayan aiki

Masu horarwa sukan ba mai ƙoshin lafiya makonni 8 zuwa 12 na shiri, abin da ma'aikaci ko ɗan kasuwa zai iya yi da sassafe ko a ƙarshen mako. Ma'aunin farko shi ne iya ratsa kwami mai tsawon mita 25 sau 30 ba tare da tsayawa ba.

Akwai kuma atisayen da ake sauka daga keke a kama gudu nan take. Dalilinsa shi ne ƙafafu kan yi nauyi bayan tuƙi, kuma wanda bai saba ba yakan sare tun a kilomita ta farko.

Ba dole ba ne a sayi keken tsere mai tsada. Keke mai lafiyayyen birki, da hular kwano, da tabarau na ninƙaya, da takalmin gudu da ƙafa ta saba da shi sun wadatar a karon farko. Masu horarwa suna gargaɗin kada a gwada sabon takalmi ko sabon abinci a ranar gasa.