Santiyago: Yadda Sunan Yakubu Ya Sake Kama a Ƙasar Sifen

Da yawa daga cikinmu mun ci karo da sunan Santiyago a littafin Hemingway na 1952, mai labarin tsohon masunci da teku. Kaɗan ne kuwa suka san cewa sunan nan da Yakubu namu uwa ɗaya uba ɗaya suke.

Asalinsa Ibrananci ne, wato Ya'aƙob. Masana suna danganta shi da kalmar da ke nufin diddige, domin Attaura ta ce an haifi Annabi Yakubu yana riƙe da diddigen ɗan tagwaicinsa. Daga Ibrananci sunan ya shiga Girkanci da Latinanci ya zama Yakobus, sannu a hankali bakin mutanen Sifen ya tauna shi ya koma Yago. Da aka jingina masa kalmar Sant, wato waliyyi, sai aka sami Santiyago.

Waliyyin da ake nufi shi ne Yakubu ɗan Zabadi, almajirin Annabi Isa, wanda aka kashe a Ƙudus wajen shekara ta 44. A ƙarni na 9 aka ce an gano kabarinsa a arewa maso yammacin Sifen, garin Kompostela ya zama wurin ziyara. A zamanin yaƙe-yaƙen Andalus, mayaƙan Kirista da sunansa suke kirari in za su afka wa Musulmi. A shekarar 997 Almansur na Kurɗuba ya ci garin da yaƙi, amma bai taɓa kabarin ba. Abin lura a nan shi ne, duk ɓangarorin biyu suna girmama sunan Yakubu, ga shi kuma an mai da shi kirarin yaƙi.

Daga nan jiragen ruwa suka ƙetara da shi zuwa nahiyar Amurka. An kafa birnin Santiyago na Kyuba a 1515, na Cile kuma a 1541. A yau yana cikin sunayen da aka fi raɗa wa 'ya'ya maza a Mekziko.

Saboda haka, 'yan'uwa marubuta, kafin mu laƙaba wa tauraron labari suna, ya kamata mu binciki inda sunan ya fito da abin da ya ɗauko a hanya. Mai karatu da ya san tarihin suna, da shi zai auna tauraronmu.