Gadon Gimi da Wusasa

Idan ana ba da tarihin ikkilisiya a ƙasar Hausa, yawanci sunayen masu bishara na ƙetare ake jerawa, da shekarun da aka gina majami'u. Akwai wani tarihin kuma da ba a cika bayarwa ba, wato na iyayen da suka yanke shawara a kan 'ya'yansu a lokacin da shawarar take da tsada. Labarin Gimi da Wusasa yana cikin irin wannan, ya kuwa cancanci ka san shi.

A shekara ta 1900 Bishop Tugwell ya jagoranci 'yan mishan na CMS har birnin Kano. Sarki bai ba su izinin zama ba, suka juyo. A cikinsu akwai Likita Walter Miller, wanda ya zauna cikin birnin Zariya tun daga 1905, yana ba da magani, yana koyar da 'yan yara kaɗan. Shekaru suka wuce, girbi bai taka kara ya karya ba, gama gwamnatin Turawa ba ta son wa'azi a ƙasashen sarakuna, mutanen gari kuma suna riƙe da addininsu.

Amma tun kafin zuwan Miller akwai iri a ƙasa. A ƙarni na 19 an yi wani malami a Kano, Malam Ibrahim, wanda nazarinsa ya kai shi ga ɗaukaka Isa fiye da yadda malaman zamaninsa suka yarda. A kan haka aka kashe shi. Almajiransa, waɗanda ake kira Isawa, suka warwatsu cikin ƙauyuka, wasu har ƙasar Ningi. Ka lura da halin da suke ciki. Ba su da majami'a, ba su da fasto, ba su da Littafi Mai Tsarki. Abin da suke da shi ɗan kaɗan ne, amma ba su bar shi ya mutu tare da su ba. Uba ya faɗa wa ɗa, ɗa ya faɗa wa jika, fiye da shekara 40, suna sauraron ranar da za su ji cikakken labarin Isa. A 1913 waɗansu daga cikinsu suka sadu da Miller a Zariya, suka ji bishara, suka karɓa.

Abin da suka fara yi shi ne miƙa 'ya'yansu makaranta. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga manomi. Yaron da ya tafi karatu hannu ne da aka rasa a gona, ga surutun dangi, ga kewar uwa. Sa'an nan suka taru wuri ɗaya, suka kafa ƙauyen masu bi a Gimi, domin su yi sujada tare, 'ya'yansu kuma su tashi cikin zumunci. Ba a daɗe ba ciwon barci, wanda ƙudan tsando ke kawowa, ya shiga ƙauyen, ya ci mutane da yawa. Dole aka bar Gimi, waɗanda suka saura suka koma Zariya.

Wanda ya ga Gimi a waɗannan kwanaki zai ce aikin ya lalace. Gidaje sun zama kufai, gonaki sun koma daji. Amma abin da iyayen suka zuba a zukatan yara, annoba ba ta kai gare shi ba. A 1929 mishan ya tashi daga cikin birni zuwa Wusasa, aka gina majami'ar St. Bartholomew da ƙasa, bisa ga ginin Hausawa, ga makaranta, ga asibiti. A 1932 aka buga dukan Littafi Mai Tsarki cikin Hausa, aikin da Miller ya yi shekaru a kansa tare da masu bi 'yan ƙasa. Daga nan yaro ya iya jin Maganar Allah cikin harshen da uwarsa take yi masa magana da shi.

Dubi abin da ya fito daga wannan ɗan gari. Likita R. A. B. Dikko, likita na farko daga Arewacin Nijeriya, a makarantar mishan ɗin nan ya fara karatu. Farfesa Ishaya Audu, daga zuriyar Isawa, ya zama likitan yara, ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, a ƙarshen rayuwarsa kuma ya yi hidimar fasto. Janar Yakubu Gowon, ɗan mai bishara, a Wusasa ya yi ƙuruciyarsa, da yaƙin basasa ya ƙare a 1970 kuwa ya zaɓi sulhu a kan ramuwa. Sai dai kada muƙamai su ɗauke maka hankali. Akwai malaman makaranta da ungozomomi da masu jinya da iyayen gida da yawa waɗanda ba a rubuta sunayensu ba, su ma 'ya'yan wannan reno ne, a wurin Ubangiji kuwa ba a manta da su ba.

To, me wannan tarihi yake faɗa maka? Na fari, bangaskiya a gida take fara kafuwa. Yadda Timoti ya same ta daga kakarsa Loyis da uwarsa Afiniki, haka Isawa suka riƙe tasu ta bakin iyaye. Makarantar Lahadi taimako ce, amma sa'a ɗaya a mako ba za ta ɗauki kayan kwana 7 ba. Na biyu, mutanen Wusasa ba su raba 'ya'yansu da harshensu da ladabin ƙasarsu ba, suka kuma zauna da maƙwabta da dangi Musulmi. Yaron da aka koya masa ƙaunar Almasihu tare da raina maƙwabci, an ba shi tuwo da tsakuwa. Na uku, sun yi shuka cikin hasara, da yawansu ba su ga girbin ba.

Yau kana da abin da Isawa suka yi marmari ba su samu ba. Littafi Mai Tsarki yana gidanka, wataƙila har cikin wayarka. Yaushe rabon da ɗanka ya ji ka kana karanta shi da murya? Yaushe rabon da 'yarka ta ji ka kana ambaton sunanta cikin addu'a? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ka tara iyalinka yau da dare, ko da na minti 10 ne, ku karanta, ku yi waƙa, ku yi addu'a, gobe kuma ku sake.

Ya Ubangiji, kai da ka kiyaye iri a hannun iyayenmu cikin tsanani da annoba, ka ba mu aminci mu miƙa shi ga 'ya'yanmu. Cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.