Daga Macijin Nokia Zuwa Ludo: Yadda Gem Ya Shigo Gidajenmu

Rubutun nan yana da ɗan tsawo, wanda yake da lakca yanzu ya ajiye shi sai ya fito.

A ƙarshen semistar da ta wuce ni da abokan ɗakina muka haɗa gasar ƙwallo ta gem a nan Gashua. Muka yi hayar talabijin biyu da PlayStation biyu, muka yi karo-karo muka sayi man janareta. Mutum talatin da biyu suka ba da suna, kuma dukkansu maza ne. Washegari a aji nake ta cika baki cewa gasa ta yi kyau, na ƙara da cewa ai mata ba ruwansu da gem shi ya sa ba su zo ba. Sai wata 'yar ajinmu ta miƙo mini wayarta, ta nuna mini inda ta kai a Candy Crush. Wallahi matakin da take ya wuce dubu biyu. Ta ce, "Malam, mun fi ku yin gem. Ku dai kun zaɓi wasan da ku kaɗai kuka iya, kun kai shi ɗakin da ba za mu iya shiga ba, kun fara bayan isha'i. Wa kuka gayyata?"

Na rasa amsa. Maganar ce ta sa na koma na bi tarihin abin, kuma na ga cewa tambayar da ta yi mini ita ce manyan kamfanonin gem suka shafe sama da shekara arba'in suna yi wa kansu.

Mu fara daga Japan. A ƙarshen shekarun 1970 shagunan gem na can cike suke da samari, wasannin kuma yawanci harbe-harbe ne. Wani matashi a kamfanin Namco mai suna Toru Iwatani ya zauna ya yi tunanin wasan da mace ma za ta so, wanda babu bindiga a ciki. Ya gina shi a kan cin abinci, ya yi dodannin da launuka masu kyau yadda ba za su ba da tsoro ba. Wannan shi ne Pac-Man, ya fito a 1980, kuma ya zama ɗaya daga cikin wasannin da suka fi karɓuwa a duniya.

A 1983 Nintendo suka fitar da na'urar da suka kira Famicom, wato kwamfutar iyali. Ku lura da sunan, iyali suka nufa. Amma a wannan shekarar kasuwar gem ta durƙushe a Amurka, don haka da suka kai na'urar can a 1985 sai aka sayar da ita a matsayin kayan wasan yara, tallace-tallacen da suka biyo baya kuma suka karkata ga yara maza. Wannan ya taimaka sosai wajen kafa tunanin nan na cewa gem harkar samari ce, tunanin da ni ma na maimaita a aji ba tare da na san inda na samo shi ba.

Sai Tetris, wanda wani masanin kwamfuta mai suna Alexey Pajitnov ya ƙirƙira a Mosko a tsakiyar shekarun 1980. Da Nintendo za su fitar da Game Boy a Amurka a 1989, wani ɗan kasuwa mai suna Henk Rogers ya ba su shawarar su haɗa ta da Tetris maimakon Mario, hujjarsa ita ce Mario yara maza zai jawo, Tetris kuwa babba da yaro kowa zai iya. Haka aka yi, kuma haka ta faru. Duk wanda ya taɓa riƙe ƙaramin gem ɗin nan mai batir biyu da ake jera bulo, wanda aka rubuta wa cewa wasanni dubu tara da ɗari tara da casa'in da tara ne a ciki alhali ba su fi goma ba, to jikan Tetris ya riƙe.

Yanzu mu dawo gida. Ni a Nguru na tashi, garin da layin dogo daga Kano ya ƙare. Yayyenmu suna ba da labarin cewa gem na farko da suka gani kwaikwayon Famicom ne na China, mai kaset ruwan ɗorawa, da bindigar roba ta harbin agwagwa. Sai gidan da yake da talabijin da wuta ake samunsa, kuma yaran unguwa ta taga suke kallo. Mu kuma mun taso a zamanin gidan gem: shago ɗaya, benci biyu, labule a ƙofa, PlayStation 2, janareta yana ƙara a waje. PlayStation 2 ta fito a 2000, an sayar da sama da miliyan 150 a duniya, kuma tsofaffinta da aka gama yayi a Turai su ne suka cika shagunanmu. Gidan gem ya warware matsalar kuɗi, domin ba sai ka mallaki na'ura ba, da canjin aike ma za ka buga minti goma na ƙwallo.

Amma ya bar sauran matsalolin. Yarinya ba za ta shiga wannan shagon ba, kuma babu uban da zai yarda. Dattijo ba zai shiga ba. Ko yaro namiji, idan aka gan shi a ciki sunansa ya ɓaci, domin a idon iyaye wurin na masu gudun makarantar allo ne da masu satar canji. Gaskiya kuma ba duka zargin ne ƙarya ba, ni kaina na sha bulala a kan kuɗin niƙa. Daga baya rashin tsaro ya ƙara nasa. Bayan harin da aka kai wurin kallon ƙwallo a Damaturu a watan Yunin 2014, lokacin gasar cin kofin duniya, iyaye da yawa a Yobe suka hana 'ya'yansu zuwa duk inda matasa ke taruwa a gaban talabijin.

Abin da ya shigar da gem cikin gida a wurinmu waya ce. Nokia suka sa wasan maciji a wayarsu ta 6110 a 1997, sannan aka inganta shi a 3310 da ta fito a 2000, wadda aka sayar da fiye da miliyan 120. Wayar salula ta fara aiki a Najeriya a watan Agustan 2001, a hankali ta iso garuruwanmu. Babu wanda ya sayi Nokia don ya yi gem. Ya saya ne don kira, sai ya tarar da maciji a ciki kyauta. Maɓalli huɗu ne kawai, ba Turanci, ba wutar nepa sai caji sau ɗaya a kwana uku. Mai shayi ya buga, direba ya buga yana jiran lodi, amarya ta buga a ɗaka ba wanda ya ce mata komai.

Ba zan manta da 2013 ba. A watan Mayu aka sa dokar ta-ɓaci a Borno da Yobe da Adamawa, aka katse layukan waya na tsawon makonni. Waya ta zama tocila da rediyo da abin wasa. Da daddare ba fita, sai mu zauna a tsakar gida ana karɓa-karɓa da wayar babanmu. A lokacin ne na ga mahaifiyata, wadda ta fi kowa faɗa a kan gidan gem, ta karɓi wayar ta ce a nuna mata yadda macijin yake juyawa. Kafin layi ya dawo ta fi mu duka maki, kuma ba wanda ya isa ya goge sunanta daga saman jerin.

A can waje ma darasin ɗaya ne. Lokacin da Sony da Microsoft suke tseren wa ya fi kyan hoto da ƙarfin na'ura, shugaban Nintendo na lokacin, Satoru Iwata, ya ce abin da yake so shi ne a ƙara yawan masu yin gem. A 2006 suka fitar da Wii, wadda ƙarfinta bai kai na abokan hamayyarta ba, amma abin riƙewarta kamar rimot yake, kaɗa hannu kawai za ka yi. Har a gidajen kula da tsofaffi aka riƙa buga ta, kuma an sayar da sama da miliyan 100.

Daga nan sai wayoyin Android masu sauƙin kuɗi irin su Tecno da Itel da Infinix suka cika kasuwa. Candy Crush ta fito a 2012. Ludo King, wanda wani kamfanin Indiya ya yi, ya fito a 2016, ya kuma bazu sosai a zaman kullen korona na 2020. Me ya sa Ludo ya shiga ko'ina a wurinmu? Domin mun riga mun san shi a kan kwali tun muna yara, ba sai an koya wa kowa doka ba, kuma mutum huɗu za su iya zagaye waya ɗaya ba tare da data ba. Ku leƙa ɗakunan kwanan ɗalibai ko ƙarƙashin bishiya tsakanin lakca da lakca, za ku ga abin da nake faɗa.

Idan ka jera tarihin nan za ka ga duk lokacin da masu gem suka ƙaru, wani shinge ne aka cire. Gidan gem ya cire na kuɗi. Maciji da Tetris suka cire na wahalar koyo. Waya ta cire na wuri da na kunya. Kyan hoto bai taɓa zama abin da ya jawo mahaifiyata ba.

Shingen da ya rage mana shi ne na harshe da na kama. Dubi abin da ya faru da finafinan Indiya: an daɗe ana kallonsu a arewa, amma da irin su Algaita suka fara fassara su da Hausa sai ga kakanninmu suna bin labari daga farko har ƙarshe. A gem ba mu yi wannan ba tukuna. A Legas akwai Maliyo Games, wanda Hugo Obi ya kafa a 2012, sun yi wasanni a kan rayuwar Najeriya, har da na karta mai suna Whot King da wani mai suna Aboki Run. A Kamaru kamfanin Kiro'o Games ya fitar da Aurion a 2016, wasan da aka gina a kan al'adun Afirka. Ban ga laifin kowa ba, sun yi nasu. Tambayar tawa gare mu ce: sai yaushe?

Kayan aikin ma muna da su. Muna da dara mai gida talatin, kowa da 'ya'ya goma sha biyu, ka jera uku ka ci ɗaya na abokin karawa. Wannan doka ce da ɗalibin kimiyyar kwamfuta zai iya rubutawa a matsayin furojet ɗinsa na aji huɗu. Muna da langa, da carafke, da 'yar gala-gala, da dambe. Muna da bikin kamun kifi na Bade a Gogaram, da tsuntsayen da ke zuwa Dagona daga Turai duk hunturu. Manhajar gina gem irin Godot kyauta ce. Ka yi tunanin dara a waya, mai magana da Hausa da Badanci da Kanuri da Fulatanci, wadda ba ta cin data kuma take tashi a ƙaramar Itel. Dattijon da yake buga ta a ƙasa a bakin kasuwar Gashua zai iya karawa da jikansa da yake karatu a Maiduguri. Duk shekara muna maimaita furojet ɗin rajistar ɗalibai da na ajiyar bayanan asibiti, a ɗaure su a ajiye a kanta ƙura ta rufe.

Na san wani zai ce, "Kai kuma ana fama da jarrabawa kana kiran mutane zuwa wasa." Yana da gaskiyarsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a 2019 da sanya jarabar gem cikin jerin cututtuka, kuma kowannenmu ya san wanda ya kwana yana Free Fire ya makara jarrabawar ƙarfe takwas, ko wanda sallar asuba ta wuce shi saboda wasa ɗaya na ƙarshe. Akwai kuma wanda ya fi wannan muni, wato inda wasa ya koma caca, a fara da "wanda aka ci ya sayi lemo" a ƙare da kuɗin rajista. Wannan haramun ne, kuma ya rusa mutane a gabanmu. Abin da na lura da shi dai shi ne, ɓarnar ta fi yawa a inda wasan ya ɓuya, a bayan labule ko cikin bargo da ƙarfe ukun dare. Wasan da ake yi a tsakar gida, uwa tana gani, ƙanwa tana jiran layinta, da wuya ya kai mutum can.

Don haka wannan semistar mun canza tsari. Gasar za ta kasance ranar Asabar bayan la'asar, a fili, a tashi kafin magariba. Ƙwallo tana nan ga masu so, amma mun ƙara Ludo da dara ta ƙasa, kuma 'yan uwa mata su za su tsara ɓangarensu yadda ya dace da su. Ba kuɗin shiga, ba sa kuɗi a kan wasa, kyautar littafi ce da katin data. Ita 'yar ajin namu da ta ƙure ni ta yarda za ta shiga kwamiti, da sharaɗin in daina cewa mata ba sa gem. Na daina.

'Yan kimiyyar kwamfuta na Gashua da Damaturu da Potiskum da sauran makarantunmu, wanda yake da niyyar gwada dara a waya ya neme ni. Ni ba na rubuta manhaja, amma na san dokokin, kuma akwai wani dattijo a unguwarmu a Nguru da ban taɓa ganin an ci shi ba. Idan manhajarku ta iya cinye shi, to kun ci jarrabawa.

Allah Ya ba mu sa'ar karatu, Ya sa mu gama lafiya.