Baka ko Bindiga: Shawarar da Kakanninmu Suka Yi

Mai karatu, in ka ci kasuwa a ƙasar Isawan, ko Mayahi, ko Tasawa, kana iya gamuwa da maharbi ko makiyayi rataye da kwari da baka. Yaran yanzu suna ganin abin tsohon yayi ne. Amma shekara ɗari biyu da suka wuce, da wannan icen mai tsirkiya ake tsaron gari, da shi ake cin yaƙi. Da bindiga ta shigo ƙasar Hausa, sai kakanninmu suka shiga shawara: a riƙe baka, ko a aje shi a ɗauki sabon makami? Ga yadda abin ya gudana.

A watan Yuni na 1804 aka yi yaƙin Tabkin Kwatto. Sarkin Gobir Yunfa ya fito da barade masu lifidi, ga kuma Abzinawa sun zo taimako. Jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo kuwa dawakinsu kaɗan ne, galibinsu ƴan baka ne masu tafiya a ƙasa. Da dawaki suka yi sukuwa, ƴan baka suka tsaya, suka yi musu ruwan kibau. Rundunar Gobir ta watse. Ran nan kowa ya ga baka yana iya kā da doki da mahayinsa.

A 1807 Birnin Katsina ya faɗa hannun masu jihadi, gidan sarautar Katsina ya yo arewa. Wajen 1819 Ɗan Kasawa ya kafu a Maradi. Tun daga nan ƙasar Maradi da Tasawa ta zama bakin daga, yau a kai hari, gobe a kawo. Garin da ba shi da ganuwa sai ya yi kafi, ƴan baka su tsaya a bayansa. Har yau akwai sarautar Sarkin Baka a wurin maharba.

Me ya sa talaka ya dogara da baka? Saboda duk abin da baka yake bukata yana nan kusa. Ice a daji ake saro shi. Tsirkiya da fata ake murza ta. Kyauro shi ne jikin kibiya, maƙerin gari kuma shi ke ƙera kanta, ya yi mata kunnuwa don kada ta fita da sauƙi. Dafi da ƴaƴan kwankwani ake dafa shi, in ya shiga jini ko ƙaramin rauni ya isa. In tsirkiya ta tsinke, mai ita ya ɗaura wata kafin rana ta faɗi. Wanda ba shi da kuɗin doki ma yana da abin kare gidansa.

Bindiga kuwa baƙuwa ce. Wasu ta hamada ake kawo su daga Tarabulus, wasu daga bakin teku ta kudu. Wanda ya fi rungumarta a wannan yanki shi ne Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya yi sarauta daga 1851 zuwa 1884. Ya tara bindigogi masu yawa, ya sa ana haɗa albarushi, har igwa aka riƙa ƙerawa a Zinder. Ƙarar bindiga tana firgita dawaki, harsashinta yana huda lifidi, koyon harbinta kuma bai kai na baka daɗewa ba. Da haka Damagaram ta zama abin tsoro ga maƙwabtanta.

To, amma bindigar wancan zamani ta baki ake ɗura ta. A zuba albarushi, a sa harsashi, a danna da sanda, sa'an nan a harba sau ɗaya. Kafin ɗan bindiga ya sake ɗuri, ɗan baka ya saki kibau da dama. In damina ta jiƙa albarushi, bindiga ta zama kulki. Ga tsada, ga shi in ayari bai iso ba kayan ɗuri sai su yanke. Shi ya sa bindiga ta zama kayan fada, bayin sarki ke riƙe ta. Mutanen ƙauye da yawa suka auna, suka ga baka ya fi musu. Sarakuna ma ba su sallami ƴan baka ba, sai suka haɗa su da ƴan bindiga.

A 1899 aka ga wata irin bindiga dabam. Sojan Faransa, a ƙarƙashin Kyaftin Bule da Kyaftin Shanuwan, suka ratso ƙasar nan suna ƙona garuruwa suna kashe mutane. Bindigarsu ta baya ake sa mata harsashi, ba ta jin ruwa, tana kuma kaiwa inda kibiya ba ta kaiwa. A watan Afrilu, a Lugu, mutanen Sarauniya Mangu suka tare su da kibau masu dafi. Sun kashe musu soja, sun sa su ɓarnar dubban harsasai, amma garin ya ƙone. A watan Yuli, a Maijirgi kusa da Tasawa, sojan kyaftin ɗin nan biyu suka juya musu baya suka harbe su. Kaburburansu suna can. Sauran rundunar ta wuce gabas, a ƙarshen watan ta karya mayaƙan Damagaram a Tirmini, ta shiga Zinder. Ka ga ke nan, tsohuwar bindiga ma ba ta tsayar da sabuwa ba.

Mai karatu, yau ba yaƙi muke shiri ba. Amma irin wannan shawara tana zuwa maka a gona da wurin sana'a, duk ran da aka kawo sabon kayan aiki. Kada ka ƙi shi don baƙo ne, kada kuma ka jefar da na hannunka don ka ji ƙarar sabo. Yi tambayar da kakanninka suka yi: in ya lalace wa zai gyara, abin da yake ci kuma a ina ake samunsa, kuma nawa? Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Yanzu da ka iya rubutu, je ka gaida Sarkin Baka ko wani tsohon maharbi na garinku. Tambaye shi icen da ake yin baka da shi, da yaƙin da kakansa ya gani. Rubuta abin da ya faɗa maka, ka karanta wa ƴan ajinku.